Ƙafafun hana jijjiga a ƙarƙashin kantar Kallax: ina ya kamata a sa su?

Mai_Garmaho: Assalamu alaikum. Kantar kamfanin kayan ɗaki na IKEA ce, samfurin Kallax mai gida takwas, a kwance a kan tayil. Gida shida cike suke da faifan garmaho. A samanta akwai na'urar juya faifai mai nauyin kilo 6, da amfilifaya, da sifika biyu, ɗaya a kowane gefe. Da an ƙara murya sai wani gurnani ya taso, bes, wato sautin ƙasa-ƙasa, ya dagule. An ce in ɗaura wa kantar ƙafafun ƙarfe masu tsini. Guda nawa za a sa, kuma a ina za a huda?

Injiniyan_Sauti: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayi komai ka tantance irin gurnanin. Ɗaga allura daga kan faifai, ka ƙara murya. In yana nan, to na lantarki ne mai 50 Hz (wato kaɗawa sau 50 a daƙiƙa), duba siririyar wayar da ke haɗa jikin na'urar da noti ɗin bayan amfilifaya. In ya ɓace, ɗora allurar a kan faifai ba tare da yana juyawa ba, ka ƙara murya a hankali, ka ɗan ƙwanƙwasa kantar da yatsa. Duk abin da ka ji a sifika jijjiga ce da ta bi katako ta shiga allura.

Ina kyautata zaton na biyun ne, domin sifika da na'urar suna kan allo ɗaya. Sifika ta girgiza allon, allura ta ɗauka, amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi, ta koma sifika. Sauke sifikun ka ba su mazauninsu daban, wannan kaɗai yakan kashe mafi yawan matsalar. Masu tsini kuwa ba sa hana jijjiga, manna kantar suke yi da ƙasa.

Kafintan_Gida: Ƙari a kan haka, kada ka huda tsakiyar allon Kallax. Allunan waje masu kaurin nan ba katako ba ne zalla, cikinsu kwali ne da aka saƙa kamar gidan zuma, sai bakin allon ne ke da abin riƙe noti. Kamfanin ya ƙayyade kilo 13 ga kowane gida. Gida shida cike da faifai, haɗe da nauyin kantar da kayan sama, ka haura kilo 100. Ka tara wannan a kan tsini huɗu, ko allon ya burma ko tayil ya tsage.

In dole sai ƙafa, yanko filawud mai kaurin milimita 18 daidai faɗin ƙasan kantar, santimita 147 da 39, ka ɗaura ƙafafu shida masu zaren M8 (noti mai kaurin milimita 8) a jikinsa, biyu a tsakiya, sannan ka ɗora kantar. Amfaninsu daidaita tsayi ne. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne baya: Kallax ba ta da shi, shi ya sa take rangaji gefe da gefe. Filawud na milimita 6 a bayan gida biyu ko uku zai tsayar da ita. Bar bayan amfilifaya a buɗe saboda zafi.

Injiniyan_Sauti: Haka ne, maigida. Robar hana jijjiga kuma a ƙarƙashin na'urar faifai kaɗai za ta zauna. Samo allo mai nauyi, kamar allon yanka na gora mai kaurin santimita 3, ka sa robar Sorbothane mai siffar rabin ƙwallo tsakaninsa da kantar. Allon kilo 2, na'ura kilo 6, jimla 8, wato kilo 2 a kan kowace in guda huɗu ne. Sayi wadda aka rubuta mata wannan nauyin. Ya kamata ta lotsa da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na tsayinta. In ba ta lotsa ba, jijjiga za ta ratsa ta. In ta baje, nan ma ta daina aiki. Mutane da yawa suna sayen mai tauri don ganin za ta fi ƙarko, a nan kuɗinsu ke tafiya a banza.

Nauyin ba daidai yake a kusurwoyi ba, ɓangaren injin juyawa da farantin da ake ɗora faifai ya fi. Matsa robar wajen da ya fi nauyi har allon ya miƙe, ka auna da ma'aunin ruwa na magina a kan farantin kansa. Sa ɗan leda mai kauri a ƙasan robar, domin robar tana barin tabo a fenti.

Mai_Gyaran_Rediyo: Ni ina da ja a kan laushin robar. Kowace roba da nauyin da ke kanta suna da mitar da suke amsawa, kuma rage jijjiga yana farawa ne sama da ninki 1.4 na wannan mitar. Kusa da ita ƙara jijjigar ma take yi. Lotsawar milimita 1 tana ba da kusan 16 Hz, ta milimita 4 kusan 8 Hz. Hannun allura kuma tsakanin 8 da 12 Hz yake amsawa. In mitar robar ta haɗu da ta hannun, allura za ta riƙa tsalle. Tunda daɓenka tayil ne a kan siminti, takun ƙafa ba zai dame ka ba, don haka tsaya a lotsawar kusan milimita 1. Mai daɓen katako shi ne roba ba za ta cece shi ba, sai ya kafa kanta a jikin bango.

Mai_Garmaho: Na gode, Allah ya saka. Na ɗaga allura, gurnanin ya ɓace. Zan fara da sauke sifikun. Amfilifayan fa, shi ma yana son roba?

Mai_Gyaran_Rediyo: In na taransista ne, ƙafafunsa sun isa. Ka dai nisanta taransifomarsa da kan allura, ka bar masa kamar santimita 10 a sama don iska.