Dokar tacewa ce ta gyara tsofaffin finafinan soyayyar Hollywood?

Malam Habibu: Jama'a, ga maganata, wanda bai yarda ba ya fito. Finafinan soyayya masu ban dariya da Hollywood ta yi daga 1934 zuwa farkon shekarun 1940 sun fi na yanzu daɗi, kuma dokar tacewa ce sila. An rubuta dokar Hays, wato ƙa'idojin tacewa da kamfanonin fim na Hollywood suka gindaya wa kansu, a 1930, aka fara aiki da ita gadan-gadan a Yulin 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, shugaban ofishin tacewar. Aka hana doguwar sumba, aka hana duk abin da ya shafi shimfiɗa. Da ƙofar nan ta toshe sai marubuta suka koma ga baki: saurayi da budurwa suna ta cacar baka, kai mai kallo ka san so ne ke cin su. Ku duba It Happened One Night, inda Clark Gable ya ɗaura igiya ya rataya bargo tsakanin gadonsa da na Claudette Colbert. Bargon nan ya fi runguma aiki.

Zainab: Malam, Allah ya ƙara girma, amma misalin nan bai taimake ka ba. A Fabrairun 1934 fim ɗin ya fito, ofishin Breen bai ma buɗe ba. Ga kuma Trouble in Paradise na Ernst Lubitsch tun 1932, labarin ɓarayi biyu masoya, zance kamar reza. Da doka ta yi ƙarfi sai aka hana sake nuna shi, ya yi sama da shekara talatin a ɓoye. Gwanintar ta riga dokar zuwa.

Malam Habibu: 'Yata, tun kafin Breen jihohi irin su New York da Pennsylvania suna da hukumominsu masu datse fim, kamfanoni kuma suna takatsantsan. Sannan ki lura da abin da ya biyo baya. Tunda an hana ƙawata neman matar aure, sai aka koma labarin ma'auratan da suka rabu suna neman kome: The Awful Truth a 1937, His Girl Friday da The Philadelphia Story a 1940. Mutum biyu da suka san halin juna ciki da bai, faɗansu ya fi na sababbin masoya armashi.

Anti Rabi: A kan komen nan nake da ja, Malam. Ina son Rosalind Russell a His Girl Friday, ba na ɓoyewa. A wasan dandamalin da aka ciro labarin, ɗan jaridar namiji ne, darakta Howard Hawks ya mayar da shi mace, ta fi duk mazan ofishin iya aiki, tana magana suna magana ba ta saurara wa kowa. To amma wa ta koma wa? Tsohon mijin da ya yi ta ƙulla makirci har aka riƙa kulle wanda za ta aura, bawan Allah mai aikin inshora da bai yi wa kowa laifi ba. The Philadelphia Story kuwa da me aka buɗe shi? Cary Grant ya dafa fuskar Katharine Hepburn ya hankaɗa ta ƙasa, kuma dariya ake so mu yi. Can gaba ubanta, wanda ya bar uwarta yana bin wata 'yar rawa, ya tsaya ya ɗora mata laifin, wai rashin tausayinta ne ya kore shi, fim ɗin kuma ya ba shi gaskiya. Wannan wurin yana ƙona mini rai duk lokacin da na zo kansa.

Nura: Ni abin da ke damuna talaka ne, Anti. A 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aiki. My Man Godfrey na 1936 ya fara da 'ya'yan attajirai sun je juji neman matalauci don su ci gasar wasa. Na ce yau za a faɗi gaskiya. Ashe mutumin ɗan manyan gidan Boston ne, baƙin cikin soyayya ya kai shi jujin. Da talakan gaske ne, da ba a bar shi ya auri 'yar attajiran ba.

Malam Habibu: Wanda ya wuni neman aiki bai samu ba, Nura, hutu ya je nema a silima. Hajiya Rabi kuma, ba komai ne laifin doka ba. Woman of the Year na 1942 da ya ƙare da Hepburn tana fama da girkin karin kumallo ta kasa, kamfanin MGM ne ya sauya ƙarshen bayan an gwada fim ɗin a gaban 'yan kallo.

Zainab: To Malam, in muni na kamfani ne da 'yan kallo, don me kyau zai zama na doka ita kaɗai? Kuma akwai munin da dokar ba ta da wanda za ta ɗora wa. Dokar Hays ta rubuta ƙarara cewa ba a nuna soyayya tsakanin farar fata da baƙar fata. A duk finafinan da muka lissafa babu baƙar fata ko ɗaya da aka ba shi labarin so nasa na kansa. A finafinan zamanin, in ka ga baƙar fata, yawanci kuku ne, ko 'yar aiki, ko mai ɗaukar kaya a jirgin ƙasa. Wannan sharaɗi sai 1956 aka cire shi, lokacin irin waɗannan finafinai sun daɗe da wucewa.