Sanda mai tsawo tana rawa a kan injin tur (mai juya katako ana sassaƙa shi), linet (abin tallafe tsakiyar sanda) zan sa a ƙera ko in raba ta biyu?

Kafintan Garin Malam: Assalamu alaikum magabata. An ba ni aikin sandunan gado guda 12, na ɗaura gidan sauro, tsawo mita ɗaya da rabi, kauri santimita 4, katakon madaci. Da na kai tsakiya sai sandar ta kama rawa, cizal yana tsalle, jikinta ya fito da gargada kamar murɗaɗɗiyar igiya. Injin a dashe yake da siminti. In sa mai walda ya yi mini linet, ko in yanka kowace biyu in haɗa? Mako guda aka ba ni.

Na Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ka ɗora buhun yashi biyu a ƙafafun injin, magana ta ƙare.

Baba Mai Tur: Ɗana, ya ce maka injin a dashe yake. Sandar ce ke lanƙwasa. In tsawo ya ninka biyu, lanƙwasar tsakiya ninki takwas take yi, in kauri ya ragu rabi kuwa ninki 16. Kai kuma mai tambaya, kafin ka kashe ko dala, sassauta tsinin baya, wanda ke tokare ƙarshen sandar. Yawancin yara suna matse shi har sanda ta yi baka tun ba a taɓa ta ba. Matse shi daidai yadda haƙoran gaba masu juya sandar ba za su zame ba. Ka kusanto da majinginar cizal, kada tazarar ta wuce milimita 5. Ka fara daga wajen tsinin baya, kana gama yanki kana matsowa wajen motar injin, yadda mai kaurin zai riƙa riƙe maka sauran. Ka ajiye makankari, shi turo sanda yake yi gefe. Ɗauki mai karkataccen baki, wasasshe, ka ci kaɗan-kaɗan. Gudu kuma ka sauko da shi wajen juyi 800 zuwa 1000 a minti, in rawar ta nace ka sauya fuli, wato tayar da bel ke hawa, don kowace sanda da gudun da ke tayar mata da rawa.

Ɗan Zango: Linet dai shi ne magani. Zoben ƙarfe, hannu uku masu tsaga, kowanne da taya a baki. Rulma (ƙaramar tayar ƙarfe mai ƙwallaye a ciki) mai lamba 608 ake sawa, raminta milimita 8. Ka fara zagaye wuri ɗan faɗin yatsu uku a tsakiyar sandar, nan tayoyin za su hau. Jika 8 ya ishe ka.

Mai Walda Tudun Jamus: Jika 8 a ina? Ƙarfe da rulma kaɗai sun cinye wannan. Ƙasa da jika 15 ba na kunna wuta.

Na Sabon Gari: A Kano na ga ƙirar kamfani, da na mayar kuɗinmu ya kai jika 30.

Kafintan Birni: Ku bar batun kuɗi, ku ji abin da linet ɗin rulma tsirara yake yi. Sanduna 20 na labule na yi da shi. Ƙarfen rulmar ya danne madacin, ya bar baƙin zobe mai zurfi a tsakiyar kowace, samfefa ta kasa fitar da shi sai an rage kauri. Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Katakon da aka rantse mini ya bushe, ashe ɗanye ne. Na gama su miƙe sar, kwana huɗu iskar hunturu ta buge su, 13 suka karkace, biyu suka tsage daga baki. Mai aikin ya dawo da su shago, kuɗin katako da na wuta duk a wuyana. Wallahi har yau in na ga ragowarsu a lungu sai zuciyata ta tafasa. Duk mai sa rulma ya lulluɓe ta da roba, ko ya bar wurin da ƙarin kauri milimita 2, ya goge shi a ƙarshe.

Ɗan Zango: Allah ya mayar da alheri, maigida. Amma laifin katako ne, ba na linet ba.

Kafintan Birni: Kai sanda nawa ka taɓa yi da ta wuce mita? Ƙafar kujera ba sandar gado ba ce.

Ɗan Zango: To mai walda fa, da bai taɓa riƙe cizal ba, shi ka bar shi yana magana.

Mai Walda Tudun Jamus: Ni dai nawa ba ya karkacewa da hunturu. Ku koma gadon ƙarfe kowa ya huta!

Baba Mai Tur: Ku yi haƙuri da juna. Rabawa biyu ma hanya ce mai kyau: santimita 75 ba ta rawa sosai. Ka fitar da harshe mai kaurin santimita 2, tsawo 6, ka huda ɗayan daidai, ka sa gam, ka ɓoye mahaɗar ƙarƙashin ɗan zoben ado. In hudar ta kauce ko kaɗan, sandar ta karkace har abada.

Kafintan Garin Malam: Na gode Baba. To wanne ya fi ƙarko in yara suna rataya a jiki?

Kafintan Birni: Kafin ƙarko, ka auna katakonka. Yanki guntu, ɗora a sikeli, ajiye a inuwa kwana uku, ka sake aunawa. In nauyi ya ragu, yana kan bushewa.

Na Sabon Gari: Abin da ke damuna ke nan. Mota tana sauke kaya da safe, da rana a ce maka ya shekara a rumfa. Kuma in ka taɓa shi da zarto ba a karɓar mayarwa. Wa ya san inda ake samun busasshen madaci a Damagaram yanzu?