Da kuka kai wa dattawan gida labarin binciken tsawon rai, me suka ce muku?

'Yar Malali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san da yawanku kun ga labarin tsohuwar nan ta ƙasar Sifaniya, Maria Branyas, wadda ta rasu a watan Agustan 2024 tana da shekara 117. Tun tana raye ta yarje wa masu bincike a Basalona suka ɗebi jininta da yawunta har da bayan gidanta, sai a watan Satumban 2025 suka fitar da sakamako. Sun ce ta gaji ƙwayoyin halitta masu kare zuciya da ƙwaƙwalwa, ƙananan halittun da ke cikin hanjinta kuma irin na masu ƙuruciya ne. Ba ta shan taba, ba ta shan giya, tana shan yogot sau uku a rana.

To wannan na ƙarshen shi kaɗai mutanen gidanmu suka riƙe. Kowa sai ya ce ai kindirmo ne, Fulani sun riga su sani. Ba wanda ya tsaya a kan cewa mutum ɗaya tak aka bincika. Ni kuma na ga dama ta samu, na yi wa mahaifinmu maganar rage gishiri, don yana da hawan jini. Ya ce min, "Ke, kakana ya haura shekara ɗari da ashirin, bai taɓa ganin likita ba, gishiri kuwa har a tafin hannu yake lasa." Ya ƙara da cewa kwana in ya ƙare ya ƙare.

Wallahi hankalina ba a kwance yake ba. Ƙaninsa yana nan kwance a Badarawa, ɓarin jikinsa ya shanye. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan da iyayensa ya faɗa mana yadda suka ƙare.

Ɗan Kawo

Wa alaikumus salam. Anti, wannan kakan mai shekara ɗari da ashirin kusan kowane gida akwai shi. Mu a gidanmu kakarmu ce, Allah Ya ƙara mata lafiya. Duk unguwa an yarda ta haura ɗari, har baƙi ake kawowa su gaishe ta su nemi addu'a.

Wata rana muna hira na ce, "Inna, kin tuna zuwan Sarauniyar Ingila?" Ta ce yaya za a yi ta manta, ai ta ga dawakin sarakuna da idonta lokacin hawan daba, tana ɗauke da farantin tallan goro a ka. Na ce an yi miki aure a lokacin? Ta ce a'a, sai da aka yi damina biyu. Sarauniya ta zo Kaduna a 1956. Yarinyar da ke talla, saura shekara biyu a kai ta ɗaki a wancan zamanin, ba za ta wuce sha biyu ko sha uku ba. Ka ga ke nan Inna ba ta daɗe da haura tamanin ba.

Da na faɗi haka a gida, kawuna ya ɓata rai sosai, ya ce ina rage wa tsohuwa daraja. Ni kuwa ban ga abin da ya ragu ba. Matar da ta haura tamanin, ta ga 'ya'yan jikokinta, tana sallarta a tsaye, ai ta isa a gode wa Allah.

Kuma ba mu kaɗai ke da wannan ba. Wani mai bincike a wata jami'a ta Landan, Saul Newman, ya bi diddigin waɗanda aka ce sun haura 110, ya tarar sun fi yawa a wuraren da talauci ya yi yawa kuma ba a ajiye takardun haihuwa da kyau. A Amurka, jihohin da suka fara rajistar haihuwa sai adadin irin waɗannan tsofaffi ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku. A Japan ma, a 2010 gwamnati ta duba ta tarar da sunaye sama da 230,000 na masu shekara ɗari a rajista waɗanda ba a san inda suke ba. Wadda takardu suka tabbatar ta fi kowa daɗewa ita ce Jeanne Calment ta Faransa, shekara 122, ta rasu a 1997.

Ban ce ki je ki ƙaryata Baba ba. Ki dai tambaye shi a hankali, kakan nan wane abu ya riska, yaƙin Hitila ko zuwan jirgin ƙasa, ki bar shi ya yi lissafin da kansa.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri

'Ya'yana, ku bari ni ma in sa baki, tunda maganarmu ake yi. Jikata ce ke rubuta min.

Abin da ke sa mu ƙi jin maganarku sau da yawa shi ne yadda kuke kawo ta. Yaro zai shigo da waya a hannu, ko zama bai yi ba, ya ce Baba an ce ka daina kaza, an ce ka daina kaza. Wa ya ce? Bara kun ce ƙwai illa ne, bana kun ce a ci. Mutumin da ya ciyar da kai shekara talatin ba zai so ka tsaya a kansa kana karanto masa dokoki ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, zan faɗe ta. Mahaifiyata haihuwarta goma sha ɗaya, mu huɗu muka girma. Ƙyanda ta ɗauki biyu a rani ɗaya, ina da wayo lokacin, na ga yadda aka naɗe su a tabarma aka fita da su da safe. Sanƙarau ya ɗauki yayana yana saurayi. Akwai masu zanen agana a fuska a kowane layi, cutar da yanzu babu ita a duniya saboda lamba. Idan muka ce mutanen da sun fi daɗewa, waɗanda suka rage muke ƙirgawa. Waɗancan ƙananan ba wanda ke sa su a lissafi, sai uwar da ta haife su.

Abu na biyu, kakanninmu da ake kafa hujja da su ba irin zamanmu suka yi ba. Noma suke yi, ƙafa suke takawa, tuwon dawa da miyar kuka da daddawa suke ci, nama sai ranar kasuwa ko salla. Mu ma da muna aiki, da keke nake zuwa masaƙa in dawo. Da masaƙun Kakuri suka rufe, sai zama a dakali, ga tunanin yara, ga shayi mai sukari safe da yamma. Abokan aikina da na raka maƙabarta, yawancinsu faɗuwa suka yi a banɗaki ko a masallaci, aka ce hawan jini. Ni ina shan maganina kullum bayan sallar asuba. Aminina ne ya sa na fara, ranar da na je duba shi yana son ya kira sunana bakinsa ya kasa.

'Yata ta Malali, ki nemi abokin babanki wanda yake jin maganarsa, ki bi ta wurinsa.

Malamar jinya, Tudun Wada

Baba, Allah Ya ƙara girma, ka faɗi abin da muke ta ƙoƙarin fahimtar da mutane. Idan aka ce matsakaicin tsawon ran ɗan Najeriya kusan shekara 54 ne, mutane sukan fusata, su ce ƙarya ne, ga tsofaffi nan cike da gari. Mutuwar yara ce ke jan lissafin ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya nuna a cikin yara 1,000 da aka haifa, 110 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin tara ke nan.

Game da gishiri, wannan ba irin maganar yogot ba ce da aka gani a jikin mutum ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato bai cika cokalin shayi ba, kuma har da wanda ke cikin magi da burodi da yajin tsire da taliyar yara. An yi wani gwaji a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, mutum kusan 21,000, yawanci tsofaffi masu hawan jini ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki. Aka ba rabi gishirin da aka rage masa ƙarfi aka gauraya da sinadarin fotasiyam, rabi suka ci gaba da nasu. Bayan kusan shekara biyar, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari, mutuwa ta ragu da kashi 12. A 2021 aka fitar da wannan. Sai dai mai ciwon ƙoda kada ya taɓa irin wannan gishirin sai ya tambayi likita. Kuma kada wani ya ce bari ya koma kanwa, ita ma sinadarin da ake gudu a gishiri shi ne ya fi yawa a cikinta.

Abin da ya fi ƙona min rai a wurin aiki shi ne "ai na warke". Dattijo zai sha magani wata ɗaya, ciwon kai ya tafi, ya ajiye. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya yawo awon jininsa ya hau har 180 bai ji komai ba. Mahaifina ma haka ya yi mana. Surutu bai yi aiki ba, sai na kawo abin awo gida, na fara auna kaina a gabansa, na auna Mama, na miƙa masa na ce Baba kai kaɗai ka rage. Da ya ga lambarsa kusa da tamu a takarda ɗaya, shiru ya yi. Washegari da kansa ya tambayi ina ragowar ƙwayoyin nan.

Uwargida, Rigasa

Ni ban yi gardama da kowa ba, tukunya na gyara. Surukata tana tare da mu, kuma ta taɓa ce min miyar da ba magi ta marasa lafiya ce. Da ina jefa dunƙule shida a miyar gidanmu. Na cire ɗaya na yi shiru, na ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da busasshen kifi in an samu. Da na ga ba wanda ya yi magana, bayan wani lokaci na sake cire ɗaya. A haka na yi ta ragewa, yanzu biyu nake sawa, kuma na daina ajiye gishiri kusa da faranti. Kwanaki muka je suna Hayin Banki, Hajiya ta ci loma biyu ta juyo ta ce min, "Wannan mai girkin hannunta ya yi nauyi a gishiri." Harshe yana sabawa, Anti, lokaci kawai yake so.

Inda na kasa shi ne shayin maigida. Cokali huɗu na sukari, har yau muna kai.

Malamin Islamiyya, Unguwar Sarki

Maganar kwana ya ƙare gaskiya ce, ba mai ƙara wa kansa daƙiƙa. Amma an umarce mu da neman magani, kuma an hore mu da kada mu cika ciki, a bar wa abinci kashi ɗaya, ruwa ɗaya, numfashi ɗaya. Abin da nake gaya wa dattawan masallacinmu shi ne, ajali daban, jinya daban. Akwai wanda yake cikinmu a sahun farko, yau shekaru ke nan sai an kwantar an tayar, matarsa ce ke yi masa alwala. Da na yi musu magana ta wannan fuskar sun saurara, har muka roƙi wani ɗan unguwa ma'aikacin lafiya yana zuwa da abin awo bayan sallar Juma'a.

Mai Keke Napep, Mando

Ku yi haƙuri, ni tawa ta ɗan bambanta, don ni ne aka kawo wa labarin. Ƙanwata ɗaliba ce, ta zo ta ce an yi bincike a Ostireliya, an fitar a watan Yulin 2025, wai mai taku 7,000 a rana haɗarin mutuwarsa ya yi ƙasa da na mai taku 2,000 da kusan rabi. Ta ce ko dubu goman da ake ta faɗa, asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan tun shekarun 1960.

Raina ya ɓaci da farko. Na ce mata waɗannan mutanen sun ƙoshi ne, mu da muke neman na cefane ina muka ga lokacin tattaki? Na ɗauka ni mai aikin ƙarfi ne tunda ina fita tun duku-duku sai dare. Ta karɓi wayata ta kunna min abin ƙirgen. Da daddare muka duba, ko dubu uku ban kai ba. Ashe daga Mando zuwa Kawo zuwa Kasuwa, wuni guda a zaune nake, ga hayaƙi, ga lemon kwalba, ga shinkafa da wake da yaji mai gishiri a tasha. Shekarata arba'in da 'yan kai, kuma mahaifinmu faɗuwa ya yi.

Yanzu nakan ajiye keken nesa da masallaci in taka, da daddare in zaga unguwa da yarana. Amma har yanzu ina ganin masu binciken nan ba su san tsadar magani a kemis ba. Fasinjojina tsofaffi da yawa sun san suna da hawan jini, kuɗin ne babu, sai su raba ƙwaya biyu ko su sha yau su tsallake gobe.

Malama, ina da tambaya. Na auna a kemis an ce 150 bisa 95, amma daga kan keke na sauko cikin rana. In fara shan magani ne?

Malamar jinya, Tudun Wada

Malam, kada ka sayi magani da kanka, kuma awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Ka koma da safe kafin ka sha shayi ko ka ci goro. Ka zauna minti biyar ka jingina bayanka, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ban da magana. A auna sau biyu, a rubuta maka. Ka sake haka a wata ranar daban. In har yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ka ɗauki takardar ka je asibitin da ya fi kusa da kai, ka gaya musu yadda mahaifinku ya rasu, ka roƙa a duba maka fitsari da suga. Ka kuma faɗa wa likitan ƙarfin aljihunka kai tsaye, don akwai tsofaffin magungunan hawan jini masu sauƙin kuɗi da ke aiki sosai. In kuwa ka ji hannu ya mutu, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, a wuce da kai asibiti a lokacin.