Dan Allah ku ban shawara, mabiya sun taru amma ba mai karanta littafina

Sabuwar Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Admin a yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya ishe ni. Ni dai tun ina makaranta nake rubuta labari a takarda, ƙawayena su yi ta karɓa hannu zuwa hannu har bangon ya cire, wata ma ta tafi min da guda har yau ba ta dawo da shi ba, to da na samu waya sai na koma taifin, labarina na farko na kai rabi wayar ta faɗa ruwa komai ya tafi, na daɗe ban ƙara rubuta ko harafi ba sai da yayata ta ban tsohuwar wayarta wadda gilashinta ya tsage ta gefen hagu, da ita nake fama har yanzu da babban yatsa ɗaya, ga aiki ga hidimar gida, sai dare ya raba nake samun zama. Na faɗi duk wannan ne don ku san ba da wasa na shigo harkar ba.

Matsalar ita ce na buɗe feji na buɗe guruf, mutane sun shigo sosai, amma in na saki babi shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Masu kwamen ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, su ma daga "mun gode" sai sitika. Na ce in ba sharhi ba cigaba, na cire masu laɓe, na sa dokar kowa ya yi tagin mutum biyar, duk a banza. Ga wata da muka fara tare yanzu rububin littafinta ake, kuma wlh na san ba ta fi ni iya tsara labari ba. Me zan yi? Ko in haƙura da rubutun ne kawai?

Uwar Tagwaye:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ba mu tarihin waya amma ba ki faɗi a ina kike sakin littafin ba, kuma labarin mene ne, kuma sau nawa kike saki a sati?

Sabuwar Alƙalami:
Facebook da WhatsApp ne Anti. Na soyayya ne amma ba irin wanda aka saba ba. Saki kuma sai yadda ta yiwu, duk sanda na samu dama.

Dattijon Alƙalami:
To ai kin faɗi ciwon da bakinki, "duk sanda na samu dama". Mai karatu ba zai zauna gadin fejinki ba, in bai san ranar da babi zai fito ba zai koma inda ya sani. Ki tsayar da rana biyu a sati da lokaci guda, ki rubuta babi da yawa ki ajiye kafin ki fara saki, ranar da aiki ya sha kanki sai ki ɗauko a ajiya.

Na biyu, kin ɗauka duk wanda ya danna bin fejinki yana ganin abin da kika saka, ba haka abin yake ba. Tun watan Janairun 2018 kamfanin Facebook ya sanar zai fifita fostin na dangi da abokai da abin da ke jawo hira tsakanin mutane a kan na fejoji, shi ya sa feji mai tarin mabiya zai yi fostin kaɗan ne a cikinsu za su gani. Kuma wancan tagin mutum biyar ɗin da kika sa, a Disambar 2017 suka ce duk fostin mai roƙon a yi layik ko tagin ko sharin za su riƙa danne shi ƙasa. Kin ga da hannunki kike binne babin naki.

Na uku masu laɓe. Akwai wani masanin harkar intanet, Jakob Nielsen, tun 2006 ya yi bayanin cewa a mafi yawan dandali kusan kashi 90 cikin 100 karatu kawai suke ba sa magana, kashi 9 jefi-jefi, kashi 1 su ne masu surutun. Waɗanda kike cirewa ɗin nan su ne masu karatun naki. Su 'yan kaɗan ɗin da ke cewa mun gode, kin taɓa mayar musu da tambaya? Ki ce 'yar uwa wa ya fi ba ki haushi a babin nan, in ke ce a matsayin yarinyar za ki koma gidan? Daga nan hira ke tashi, wani ya shigo ya musa mata, shi kuma injin Facebook ɗin ya ga ana magana ya ƙara nuna wa wasu. Ni haka na yi, ba kuma wata hanyar.

Sabuwar Alƙalami:
Na gode Malam, amma ni fa ba zan iya tsayar da rana ba, rubutu ba dole ake masa ba sai ya zo da kansa. Kuma batun cire mutane ina da dalilina, ni ce nake ƙona data da idona har asuba, mutum ya karanta kyauta ko sannu ya kasa cewa? Amsa kwamen kuma da wanne zan ji, da taifin ko da hira?

Mai Karatun Dare:
Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai nake, a bar ni in faɗi namu ɓangaren. Yawanci a kwance nake karatu yaro na barci a jikina, hannu ɗaya ne a sake, in na gama babi na ce da safe zan yi sharhi sai in manta. Amma ni na tura wa ƙannena da ƙawayena littattafan da nake so, wannan ba wanda ke gani. Abin da ke kashe min gwiwa shi ne in buɗe guruf in tarar da faɗa, "wlh in ban ga kwamen hamsin ba na daina", tun ban karanta ba an zage ni. Akwai wadda na taɓa zama na rubuta mata sharhi mai tsawo har da inda na ga labarin ya yi karo da babin baya, ko amsa ba ta yi ba, kashegari na ga ta saka sitatus wai masu hassada sun fara. Tun daga ranar na kama bakina a ko'ina.

Sabuwar Alƙalami:
Ni dai ban taɓa zagin kowa ba 'yar uwa, tunatarwa ce kawai nake yi.

Matashin Mawaƙi:
Yaya ki bar wahalar da kanki, Facebook ya tsufa. Ki koma TikTok, can ba ruwansu da yawan mabiyanki, bidiyonki na farko ma zai iya kaiwa ga mutanen da ba su taɓa jin sunanki ba. Ki zaɓi wuri mai zafi a labarin, ki karanta da muryarki na minti ɗaya, ba sai kin nuna fuska ba, ki yanke daidai inda rai ke son ji. Masu littafi a can har suna da nasu ɓangaren da ake kira BookTok, tsofaffin littattafai da aka manta da su sun dawo kasuwa ta dalilinsa. Ni baitocina a can suka fara shiga.

Dattijon Alƙalami:
Yaro, mai kallo daban mai karatu daban. Wanda ya saba da minti ɗaya yana shafa allo sama ba shi zai zauna da babi sittin ba. Waƙa ce taka, ita kuma dogon labari take rubutawa. Wadda ta ce ba ta da lokacin amsa kwamen goma ita za ka ɗora wa haɗa bidiyo?

Matashin Mawaƙi:
Baba ka taɓa gwadawa ne ko dai daga nesa kake yanke hukunci?

Uwar Tagwaye:
Ku kuna ta batun tara jama'a, ni jama'ar ce ta cuce ni. Littafina na biyu na sake shi kyauta don a san ni, ina tsaka da rubutawa wata ta haɗe shi fayil guda ta goge sunana ta sa nata, wani kuma ya ɗauka yana karantawa a tasharsa ta YouTube ko sallama bai yi min ba, da na yi magana aka ce ai tallata ni yake in gode. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ni shawarata ƙanwata ki rufe littafin ki mai da shi na kuɗi, babi biyar kyauta saura sai wanda ya biya. Wanda ya cire kuɗinsa ko ba ki roƙe shi ba zai karanta kuma zai yi magana.

Inuwar Marubuta:
Anti Allah ya saka miki, kuma YouTube suna da fom na kai ƙarar satar fasaha, tashar da ta tara gargaɗi uku ana iya rufe ta. Amma ban yarda da batun kuɗin ba yanzu, wa zai biya wa wadda bai gama ko littafi ɗaya nata ba? Ta kammala na farkon kyauta tukun. Ni da za ta ji tawa ta ɗora shi a Wattpad, manhajar karanta labarai, can mutane karatu ya kai su ba gaisuwa da hotuna ba, ana yin sharhi a kan kowane sakin layi, kuma kowane babi yana nuna sau nawa aka buɗe shi. In ta ga babi na ɗaya an buɗe da yawa na huɗu ya zube, ta san ba talla ce matsalar ba, labarin ne ya yi sanyi a wurin.

Sabuwar Alƙalami:
Labarin bai yi sanyi ba gaskiya, duk wanda ya daure ya kai babi na goma sha biyu ba ya iya ajiyewa. Shimfiɗa nake yi a farkon.

Dattijon Alƙalami:
Babi goma sha ɗaya na shimfiɗa? Allah ya ba masu karatunki lada. Bari in ƙara miki ɗaya duk da na ga ba ɗauka kike ba. Duk waɗannan wuraren da ake lissafa miki aro ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya kusan awa shida, Google+ kuwa, dandalin sada zumunta na kamfanin Google, rufe shi aka yi ɗungurungum a 2019. Gobe aka rufe miki feji ta ina za ki nemo mutanenki? Ki riƙa ajiye lambobi ko imel na waɗanda suka damu da rubutunki, da izininsu. Guruf ɗin WhatsApp mutum 1024 yake ɗauka, na Telegram har 200,000, akwai kuma tashar WhatsApp da suka fito da ita a 2023, ke kaɗai ke saki ba hayaniya kuma mabiya ba sa ganin lambar juna. Amma duk inda kika je in ba ki tsayar da rana ba kuma ba ki kula mutane, shirun nan zai bi ki.

Mai Karatun Dare:
Malam tashar nan ai ba a iya sharhi a ciki sai alamar dariya ko zuciya, ita kuma sharhin take kuka a kai.

Dattijon Alƙalami:
Sai ta haɗa da guruf, ai ban ce ta rufe shi ba.

Sabuwar Alƙalami:
Na gode muku duka Allah ya bar zumunci, amma kaina ya ƙara ɗaurewa, wannan ya ce kyauta wancan ya ce kuɗi, wannan TikTok wancan Wattpad, ni wayata ko wurin sauke wata manhajar babu. Kuma ita waccan da muka fara tare ba ta da wata tsayayyar rana, na sani don ina cikin guruf ɗinta. Ni zargina sunan fejina ne bai da jan hankali, ko kuma in biya a yi min talla. Akwai wanda ya yi min magana ta sirri wai yana sayar da mabiya dubu-dubu, ya kuke gani?

Inuwar Marubuta:
Kar ki soma, yawancinsu asusun bogi ne, ba sa karatu ba sa magana.

Uwar Tagwaye:
Dan Allah Inuwa fom ɗin YouTube ɗin nan a waya ake cikewa ko sai da kwamfuta? Kuma in mutumin ya canza wa littafin suna fa?

Matashin Mawaƙi:
Baba har yanzu ba ka amsa min ba.

Sabuwar Alƙalami:
To batun canza sunan fejin fa, in na canza tsofaffin mabiyan za su ɓace ne?