Poirot na talabijin ya kai na littafi kuwa?

Ɗan Karantina:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai Agatha Christie fassarar Larabci na saba karantawa, irin wanda ake sayarwa a kantin littattafan Jarir ɗin nan, to yanzu in na taso daga dawam, wato wurin aiki, ido ba ya ɗaukar karatu sai dai kallo a jawwal, wato wayar hannu, shi ne nake tambayar wanda ya kalli Poirot, mai binciken kisa na littattafanta, na talabijin, sun bi littafin ko sun jagwalgwala shi? Kuma in ka riga ka san wanda ya yi kisan akwai sauran daɗi?

Yayar Misfala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Nemi na David Suchet wanda tashar ITV ta Birtaniya suka yi daga 1989 har 2013, kashi 70 ne, mutumin nan tafiyarsa da gyaran gashin baki da tsabar ƙyanƙyami kamar daga cikin littafin aka zaro shi wallahi. Na farko farkon gajerun labarai ne, ba su kai awa ba, don haka suka yi ta cusa abokan aikin Poirot, Hastings da Japp da Miss Lemon, har inda babu su a rubuce, ni hakan bai dame ni ba don su ke kawo dariya. Inda na ji haushi shi ne Murder on the Orient Express na 2010, a littafi cikin ruwan sanyi Poirot ya ajiye musu bayani biyu kan yadda aka yi kisan ya ce su zaɓa, a fim kuwa sai faɗa da ɗaga murya da jan carbinsa na Katolika, wannan ba Poirot ɗin da na sani ba ne.

Bamadani a Riyad:
Yaya ni kuma wannan ɗin ne ya fi burge ni, rai aka kashe fa, ya za a yi mai bincike ya rufe ido ko a jikinsa? Ɗan Karantina ka fara da Death on the Nile na 2004, a littafin jirgin ruwan har Wadi Halfa ya kai, ƙasarmu Sudan kenan. Sanin mai kisan ma shi ne daɗin, sai ka zuba masa ido tun daga farko kana ganin yadda yake shirga ƙarya.

Baban Yara:
Kun manta Sherlock Holmes na Jeremy Brett, 1984 zuwa 1994, kashi 41 aka yi da shi daga labaran marubuci Conan Doyle guda 60 kafin ya mutu a 1995. Na BBC na 2010 da aka maido shi zamanin wayar hannu surutu da gudu ne kawai. Yarana da katun ɗin Conan na tashar Spacetoon suka tashi, ba su ma san daga sunan marubucin nan aka ɗauko sunan ba.

Ɗan Karantina:
Na gode ƙwarai. To Suchet ɗin akwai mai rubutun Larabci a ƙasa? Turancina na kasuwa ne fa.