Maƙwabci ya gayyaci ɗana DeMolay: tarbiyya ce ko ƙofar Masuniyya?

Baban Yaro, Kansas City: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta hana ni barci. Ɗana mai shekara 13 yana da aboki, ɗan maƙwabtanmu. Shekara shida muna tare ban taɓa ganin abin ƙi a gidan nan ba. Kakan yaron da ubansa 'yan Firimason ne, wato ƙungiyar Masuniyya, ba sa ɓoyewa, zoben yana hannunsu. Uwar tana Eastern Star, wadda matan gidajen 'yan loji (loji shi ne reshen 'yan Firimason) ke shiga, 'yarsu tana Rainbow ta 'yan mata, shi kuma yaron yana DeMolay, ƙungiyar samari masu shekara 12 zuwa 21. A nan garin aka kafa ta a 1919, lokacin da Frank Land ya jawo wani yaro da mahaifinsa ya rasu tare da abokansa takwas. Yanzu sun gayyaci nawa. Ni a ganina tarbiyya ce kawai, kamar ta 'yan sikawut. Yaron nan na maƙwabta yana tsayawa gaban manya ya yi magana ba rawar murya, yana jagorantar taro, yana tara kuɗin agaji. Kuma ba sharaɗi ba ne sai ubanka ɗan loji. Ina laifin?

Malamin Islamiyya, Bronx: Wa alaikumus salam. Baban Yaro, ka tambayi abu uku kafin ka ce sikawut. Wa ke ɗaukar nauyin reshen? Loji. A ina suke taro? Galibi a zauren loji. Su wane ne manyan da ke kula da yaran, waɗanda ma ake kiransu da sunan uba? Da yawansu 'yan loji ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi zama kan Masuniyya a 1978, ta ce shigarta bai halatta ga Musulmi ba. Ba mu kaɗai ba ne ma. Cocin Katolika ya hana mabiyansa tun 1738, ya sake jaddadawa a 1983, ya kuma maimaita a 2023. Idan uwa ta haramta, ka yi hattara da 'yarta.

Baban Yaro, Kansas City: Allah gafarta Malam, fatawar a kan Masuniyya take, ta baligai masu rantsuwa. Yaro ɗan DeMolay ba ɗan Firimason ba ne, su da bakinsu suke faɗa. Bill Clinton ya yi DeMolay yana saurayi, bai kuma shiga loji ba.

Ɗan Zango, Kumasi: Yaya, bari in sa baki, don mu nan Gana loji ba baƙon abu ba ne. Tsohon shugaban ƙasa John Kufuor ɗan ciki ne, kowa ya sani, kuma Asantehene, sarkin Ashanti, shi ne uban ƙungiyar babbar lojin Gana da aka kafa a 2009. Abu na farko da zan roƙa, mu daina maganar shan jini da kuɗin tsafi da ake yi a wajen shayi. Na yi aiki da wasunsu shekaru, ban ga komai ba sai tarurruka, cin abinci da taimakon juna, kuma ƙarya ba ta zama halal don ana yin ta kan wanda ba ka so. Amma abu na biyu, Yaya, maganarka ta cewa ba ƙofa ba ce, ban yarda ba. Abin nan ta gida yake tafiya, kamar sarauta. Uba ya kawo ɗa, ɗa ya kawo jika. A lojojin Ingila har suna ne da ɗan ɗan loji, Luwis suke ce masa, kuma ana iya gabatar da shi kan wasu wajen shigarwa. Dubi gidan maƙwabcinka da kyau: kaka, uba, uwa, 'ya, ɗa, kowa da nasa ɗakin a gini ɗaya. Ba haka kawai ya faru ba. DeMolay 1919, Job's Daughters ta 'yan mata 1920, Rainbow 1922, duk cikin shekara huɗu. Mutanen sun zauna sun yi tunani ne kan yadda yaro zai tashi yana jin zauren nan gidansu ne. Ba sai an tilasta masa ba in ya girma, ƙafarsa ta riga ta san hanya.

Ɗalibin Tarihi, Zariya: Don adalci, akwai manyan Musulmi da suka taɓa shiga. Jamaluddin Afgani ya shiga a Alƙahira, an kuma karɓi Amir Abdulƙadir na Aljeriya a Iskandariyya a 1864. Ga baƙaƙen Amurka kuwa, lojin Prince Hall, wanda ya samu takardar izini daga Ingila a 1784, ya zama musu mafaka lokacin da ko'ina ake rufe musu ƙofa. Thurgood Marshall, baƙin fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka, ɗan Prince Hall ne.

Malamin Islamiyya, Bronx: Ɗalibi, tarihin gaskiya ne, amma aikin mutum ba hujja ba ne a shari'a, ko wane ne shi. Kuma tun da kai ɗan tarihi ne, gaya wa Baban Yaro wane ne Jak de Mole da aka sa wa ƙungiyar sunansa.

Ɗalibin Tarihi, Zariya: Shugaban ƙarshe ne na mayaƙan Tamfila, rundunar da aka kafa a zamanin yaƙin Salibiyya. Sarkin Faransa ya sa aka ƙone shi a Faris a 1314. Abin da ake koya wa yaran game da shi shi ne ya ƙi cin amanar 'yan'uwansa har ya mutu.

Hajiya, Chicago: Ni fa na taɓa zuwa, don haka ku bari in faɗi abin da idona ya gani. Wata abokiyar aikina ta gayyace ni bikin da suke buɗe wa jama'a, ɗanta yana ciki. Akwai wani sashe da ake baza furanni, wani saurayi ya tashi ya yi jawabi a kan uwa, wahalar da ta sha, daren da ba ta yi barci ba. Sannan kowane yaro ya zo ya ɗauki fure, ja in mahaifiyarsa na raye, fari in ta rasu. Wallahi sai da na yi hawaye. Yaro ɗan shekara 14 ya miƙa wa uwarsa fure a gaban jama'a, ubansa na zaune a bayansa, kakansa na gefe. Na tuna nawa biyu da na bari a gida suna danna waya, ubansu yana aikin dare, ni ina aikin rana. Don haka na fahimci Baban Yaro sarai. Abin da ɗanka ya hango a gidan maƙwabta ba asiri ba ne, uba ya gani yana raka ɗansa wuri duk mako.

Amma a tsakiyar ɗakin akwai wani teburi da suka keɓe, Baibul a buɗe a kai, an kewaye shi da kyandir bakwai, kowanne da ɗabi'ar da yake wakilta: son iyaye, girmama abu mai tsarki, ladabi, zumunci, riƙon amana, tsabta, kishin ƙasa. Ba wadda zan ƙi a ciki. Sai dai a gaban teburin nan ake durƙusawa, a nan ake addu'a, a nan sabon shiga yake ɗaukar alƙawari. Abokiyata ta ce yaro Musulmi zai iya ɗauka a kan Alƙur'ani. Ni wannan ne ma ya fi tayar min da hankali. Yaron da bai gama haddace Amma ba, a koya masa cewa kowane littafi ɗaya ne, a ɗaga wannan a aje wancan, teburin dai yana nan. Babba mai ilimi zai iya rarrabewa. Ɗan shekara 13 abin da ya saba gani shi yake zama masa gaskiya. Ban kai nawa ba, ba kuma don ina ganin mutanen mugaye ba ne.

Lauya, Abuja: Ƙarin bayani kaɗan, in har yaron zai dawo gida wata rana. Sashe na 38(4) na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce 'yancin addini bai ba kowa damar shiga ƙungiyar asiri ba, kuma ɗan ƙungiyar asiri ba ya takarar gwamna ko shugaban ƙasa. 'Yan loji suna musanta cewa su ƙungiyar asiri ce, amma kun san yadda mutanenmu suke jin kalmar. Hoto guda na yaro da alkyabbarsu ya isa abokin hamayya ya yi yaƙin zaɓe da shi.

Baban Yaro, Kansas City: Hajiya, maganarki ta fi shiga jikina, don gaskiya rabon da in kai yaron nan wani wuri mu biyu har na manta. Amma har yanzu ban gamsu cewa duk wanda ya shiga ya ɓata ba. An ce iyaye suna da damar zama a kowane taro, har na shigarwa. In na zauna ina gani fa?

Malamin Islamiyya, Bronx: Za ka zauna sau nawa, Baban Yaro? Shekara takwas ce fa zuwa ya kai 21. In kana da wannan lokacin, ka kai shi masallacinku ku nemi iyaye biyar ku fara abin da ya ga ana yi a can: yara su zaɓi shugabansu, su riƙe asusunsu, su tashi su yi jawabi, iyaye maza na zaune. Mu ma da laifinmu, Islamiyyarmu karatu ne da tsawa, yaro ba ya riƙe komai da hannunsa.

Ɗan Zango, Kumasi: Kuma in za ka ƙi, ka je da kanka ka gaya wa maƙwabcin, kada ka aiki yaro. Ka ce masa addininka bai yarda da durƙuso da alƙawari a wajen ba. Su ma sun san 'yan Katolika suna faɗa musu haka.

Baban Yaro, Kansas City: Na ji. Na ce masa ya ba ni zuwa ƙarshen wata, kuma ban yanke ba tukuna. Ranar Asabar suna da wankin motoci na tara kuɗin agaji a filin wani kanti, ba a zauren ba, wannan zan raka shi mu je tare. Hajiya, in da hali ki tambayi abokiyar aikinki ainihin kalmomin da yaro ke faɗa lokacin da ya durƙusa, ina so in ji su kafin Juma'a in kai wa limaminmu.