Na cire manhajar tace bidiyo, amma wurin ajiya bai dawo ba

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum, malamai. Sana'ata ita ce tace bidiyon biki da walima, kuma kwamfutar da nake aiki da ita mai Windows 10 ce, rumbun ajiyarta giga 256. Akwai wata manhajar tace bidiyo da ta yi wa na'urar nauyi, sai na cire ta ta cikin Settings kamar yadda aka saba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wurin da ya dawo bai kai giga 4 ba, layin da ke nuna cikar rumbun C kuma har yanzu ja yake, ga shi kuma jaka mai sunan kamfanin tana nan daram a cikin Program Files. Shin cirewar ce ba ta yi ba? Idan na goge jakar da hannu, akwai abin da zai lalace? Ina da aikin wata amarya da zan miƙa ranar Asabar, ba na so in taɓa abin da zai hana kwamfutar tashi.

Mai gyara, Titin Ahmadu Bello:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cirewar ta yi, ka kwantar da hankalinka. A lokacin da aka saka manhaja, tana rubuta jerin fayilolin da ta zo da su, kuma da wannan jerin ake aiki ranar da za a cire ta. Duk abin da ta haifar daga baya a cikin aiki, irin su saitinka da fayilolin wucin gadi, ba ya cikin jerin, don haka ba a taɓa shi. Kuma idan fayil ɗaya irin wannan ya rage a cikin jaka, sau da yawa jakar gaba ɗaya ake bari. Wasu kamfanonin ma da gangan suke barin saiti, domin wanda ya sake saka manhajar ya tarar da abubuwansa yadda ya bar su.

Jakar da ka gani a Program Files da wuya ta kasance ita ce ta cinye maka wuri. Manhajojin bidiyo suna ajiye kwafin sauti da hoto na wucin gadi domin kada bidiyon ya riƙa tsinkewa yayin da kake tacewa, kuma galibi a cikin AppData suke zuba su, jakar da Windows ke ɓoyewa. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %localappdata%, wanda zai buɗe maka Local, ka nemi sunan kamfanin ko na manhajar. Sannan ka maimaita da %appdata%, wanda zai buɗe maka Roaming, daga nan ka leƙa C:\ProgramData da Documents da Videos. Idan laluben ya yi maka yawa, ka sauke WinDirStat ko WizTree, za su jera maka jakunkuna daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta. Abin lura guda biyu: idan kana da wata manhaja ta wannan kamfanin, kada ka goge jakar kamfanin duka, ta manhajar kaɗai za ka taɓa, kuma abin da ka tura Recycle Bin yana nan yana riƙe da wurinsa har sai ka zubar da shi.

Malama daga Barnawa:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Ni a shagon buga takardu nake, kuma da Revo Uninstaller nake cire manhaja, domin bayan ya gama cirewar da aka saba, yana bin sawun abin da ya rage a jakunkuna da cikin Registry, wato ma'ajiyar saitin Windows, ya nuna maka ka zaɓi abin gogewa. Ya fi aiki idan manhajar tana nan, saboda haka kana iya sake saka ta ka cire ta da shi, in dai kuɗin data ba zai dame ka ba. Ka kuma kunna Storage Sense a cikin Settings, shi zai riƙa share fayilolin wucin gadi da kansa.

Dattijo daga Kawo:
Malama, a kan Storage Sense ina tare da ke, amma a kan Registry ina roƙon a yi hattara, musamman ga yaron da ke da aikin mutane a hannunsa. Abin da manhaja ke bari a Registry 'yan layuka ne na saiti waɗanda nauyinsu bai taka kara ya karya ba. Ko ka goge ɗari daga cikinsu ba za ka ga canji a layin C ba, amma idan ka goge guda ɗaya da wata manhaja ke dogaro da shi, sai ka wayi gari ta ƙi buɗewa. Kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa ba ya goyon bayan amfani da manhajojin share Registry. Wanda ya ga dole sai ya taɓa, to ya fara yin Restore Point, wato ajiye yanayin da Windows ke ciki domin a iya komawa gare shi idan wani abu ya lalace.

Akwai kuma wuraren da nake so ɗana ya riƙe sunansu, domin WinDirStat zai nuna su da girma, ransa ya biya: C:\Windows\Installer da WinSxS. Ta farkon a nan Windows ke ajiye abin da yake buƙata wajen gyara ko sabunta ko cire manhajoji, wanda ya goge ta zai rasa hanyar cire wasu manhajojin nan gaba. Ta biyun kuwa Disk Cleanup, kayan sharar da ke cikin Windows, ake bari ya rage ta, ba hannu ba. Haka nan a jerin manhajoji zai ga Microsoft Visual C++ Redistributable, wato kayan da wasu manhajoji ke dogaro da su wajen aiki, sun jeru, na 2010 da na 2013 da na 2015 zuwa 2022. Ba maimaici ba ne, kowace manhaja da wanda take nema, ya bar su.

Inda ragowar ke da illa da gaske shi ne manhajojin riga-kafi masu kare kwamfuta daga virus, domin suna shiga can cikin tsarin na'ura, kuma abin da suka bari yana iya hana sabuwa zama. Shi ya sa kamfanoninsu ke fitar da kayan cirewa na musamman, kamar MCPR na McAfee da Avast Clear na Avast, kuma daga shafin kamfanin kaɗai ya kamata a sauke su.

Ɗan Rigasa:
Allah ya saka da alheri, Baba, na bar Registry da jakar Windows yadda suke. Na bi bayanin Malam, na tarar da jakar wucin gadin a cikin Local ta haura giga 60. Sai dai kusa da ita akwai wata ƙarama mai ɗauke da sunayen bukukuwan da na yi a bara. Ita ma in haɗa da ita?

Mai gyara, Titin Ahmadu Bello:
A'a, ɗan'uwa, babbar kaɗai za ka goge. Ƙaramar da alama kwafin ayyukanka ne da manhajar ke adanawa da kanta, kuma idan wani ango ya dawo yana son a ƙara masa wani abu a bidiyonsa, ita za ta hutar da kai daga sake tacewa tun daga farko. Ka kwafe ta zuwa filashi ko rumbun waje tare da ainihin bidiyoyin da ka ɗauka, domin fayil ɗin aiki ba ya ɗauke da bidiyon, yana nuna inda yake ne kawai.